Robert F. Smith

Robert Frederick Smith ɗan kasuwa ne baƙar fata ɗan Amurka, wanda ya kafa kamfanin zuba jari na Vista Equity Partners. An haife shi ranar 1 ga Disamba, 1962, a birnin Denver na jihar Colorado, iyayensa duka malaman makaranta ne.

Ya kammala digirin injiniyan sinadarai a Jami'ar Cornell a 1985, ya yi aiki a kamfanonin Goodyear da Kraft, sannan ya yi digiri na biyu a harkar kasuwanci a Jami'ar Columbia a 1994. Daga nan ya shiga bankin Goldman Sachs, inda ya shekara shida yana shiga tsakani wajen saye da haɗewar kamfanonin fasaha.

A 2000 ya kafa Vista, wanda hedikwatarsa take Austin a jihar Texas. Kamfanonin manhaja da ke yi wa 'yan kasuwa hidima su ne abin da Vista ke saya. Dalili kuwa shi ne, wanda ya ɗora lissafin albashinsa ko bayanan abokan cinikinsa a kan wata manhaja ba ya saurin sauya ta, don haka kuɗin shiga ba ya yankewa. Bayan saye, sai a shimfiɗa wa kamfanin ƙa'idojin aiki iri ɗaya kan ɗaukar ma'aikata da farashi da talla, in riba ta ƙaru a sayar. Haɗarin yana wajen bashi: akan ci bashi mai yawa a yi sayen, kuma idan kuɗin ruwa ya tashi, ribar takan tafi wajen biya.

A Cornell ne Smith ya shiga Alpha Phi Alpha, ƙungiyar 'yan'uwantaka ta maza ɗaliban jami'a. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a harabar Cornell ɗin ɗalibai baƙaƙe bakwai suka kafa ta ranar 4 ga Disamba, 1906, lokacin da wariyar launin fata ta hana baƙaƙe shiga irin waɗannan ƙungiyoyi na fararen fata. Zama ɗan ƙungiyar ba ya ƙarewa da karɓar digiri. Akwai rassan tsofaffin ɗalibai a birane, suna biyan kuɗin ƙungiya, suna ba yara tallafin karatu. Martin Luther King da alƙali Thurgood Marshall suna cikin 'ya'yanta.

A 2016 Smith da gidauniyar agaji ta Fund II da yake jagoranta suka yi wa Cornell alkawarin dala miliyan 50, aka kuma raɗa wa makarantar injiniyan sinadarai ta jami'ar sunansa. Wani kaso na kuɗin an ware shi ne don ɗalibai baƙaƙe da mata masu karatun injiniya, waɗanda har yanzu ba su da yawa a fannin.

A Mayun 2019, a bikin yaye ɗaliban Kwalejin Morehouse da ke Atlanta, makarantar da King ya yi karatu, Smith ya sanar cewa zai biya bashin karatun duk ɗaliban da suka kammala a shekarar. Kuɗin ya kai kusan dala miliyan 34, har da bashin da iyaye suka ciwo domin 'ya'yansu.

A Oktoban 2020 ya amsa cewa ya ɓoye kuɗi a ƙasashen waje don kauce wa haraji, ya amince zai biya dala miliyan 139 a yarjejeniyar da ya ƙulla da ma'aikatar shari'a ta Amurka, wadda a ƙarƙashinta ba a gurfanar da shi a kotu ba.