Kwamfutar gida mai katin girafik da kwamfutar ƙwararru

Katin girafik shi ne ɓangaren kwamfuta da ke zana duk abin da kake gani a sikirin. Ita kuwa kwamfutar ƙwararru, wadda 'yan Computer Village na Ikeja ke ce wa wokisteshan, an ƙera ta ne don injiniyoyi da masu zanen gini da masu haɗa fim, ta kwana ta wuni tana aiki ba hutu.

A da ko kusa ba a haɗa su. Kamfanin Silicon Graphics na Amurka ne ke riƙe da kasuwar kwamfutar ƙwararru, da injinansa aka yi dabbobin fim ɗin Jurassic Park na 1993. Sai 3dfx ya fito da katin Voodoo a 1996, Nvidia ya biyo da GeForce 256 a 1999, daga nan kwamfutar 'yan buga gem ta fara cinye wa manya kasuwa, a 2009 dai Silicon Graphics ya karye.

Yanzu kam sau da yawa cip ɗin ma ɗaya ne. Katunan Nvidia RTX 4090 na 'yan gem da RTX 6000 Ada na ƙwararru duk cip ɗin AD102 ne a cikinsu, amma na farko mimori giga 24 gare shi, na biyu giga 48 kuma irin mai gano kuskure ta gyara da kanta, wato ECC, ga direbobinsa, wato manhajojin da ke sarrafa katin, an gwada su da manhajojin zane irin su SolidWorks da Maya, to wannan tabbacin ne ake biya wa kuɗi, kusan ninki huɗu a farashin da suka fito da shi. Mai yanka bidiyon biki a Agege gaskiya ba ya buƙatarsa, amma wanda lissafin ginin bene ke hannunsa ba zai so lamba ɗaya ta kauce ba.

A Legas kuma akwai maganar wuta. 4090 shi kaɗai yana jan wat 450, 6000 Ada kuwa 300, mai aiki da inbata ko ƙaramin janareta ya san bambancin.

Tokunbo ɗin wokisteshan irin su HP Z da Dell Precision cike suke a layin Otigba na Computer Village, da araha, akwati mai nauyi kamar buhun siminti. Sai dai yawanci tsohon firosesa Xeon na Intel ne a ciki da katin ƙwararru na Quadro, sunan da Nvidia ya daina sa wa sababbin katunansa tun 2020, shi ya sa masu saye da suka san kan abin sai an kwance musu murfi sun leƙa kafin a fara ciniki.