Zabirar Meckel da gano ta ta hoton eksire

Zabirar Meckel wata 'yar jaka ce da ake haihuwar mutum da ita a jikin ƙaramin hanji, kimanin santimita 60 kafin mahaɗarsa da babban hanji. Asalinta wata hanya ce da ke haɗa hanjin ɗan tayi da cibiya a makonnin farko na ciki. Idan ba ta shafe gaba ɗaya ba sai ragowarta ta zama aljihu mai tsawon santimita 5 ko makamancin haka. Masanin tsarin jiki ɗan ƙasar Jamus, Johann Friedrich Meckel, shi ne ya bayyana asalinta a 1809, shi ya sa take ɗauke da sunansa. Ana samunta ga kusan mutum 2 cikin 100, kuma yawancinsu har su mutu ba su san suna da ita ba.

Matsala takan taso ne idan cikin zabirar akwai irin fatar da ke shimfiɗe a tumbi. Fatar tana fitar da ruwan tsami, ya ƙona hanjin da ke kusa ya yi gyambo, sai a ga yaro ƙarami yana kashin jini ba tare da ciwon ciki ba. Idan zabirar ta kumbura kuwa, da wuya a bambanta ta da afendis.

Hoton eksire na yau da kullum ba kasafai yake nuna ta ba. Abin da yake nunawa shi ne ɓarnarta: hanji da ya toshe ya cika da iska, ko 'yan duwatsu da suka taru a cikinta. Idan aka shayar da mutum ruwan bariyum, wani farin ruwa da ke fitowa sarai a hoton eksire, ko aka zura shi ta bututu har cikin hanji, zabirar kan fito kamar lungu marar mafita a gefen hanji. Sai dai bakinta kan yi ƙunci, bariyum ya wuce bai shiga ba. Hoton CT ma, wato eksiren kwamfuta mai nuna cikin jiki yanki-yanki, yakan ruɗe ta da lanƙwasar hanji, sai fa idan ta kumbura.

Don haka ga yaro mai zubar jini likitoci sun fi dogara da allurar sinadarin teknetiyum-99m, wanda ke fitar da wani haske da ido ba ya gani, kuma fatar tumbi ke zuƙewa. Kyamara ta musamman sai ta nuna ɗigo mai haske a ƙasan ciki ta dama, a daidai lokacin da tumbi ke haskawa. Ana fara yin wannan kafin bariyum, domin ragowar bariyum kan tare hoton. Ga manya gwajin bai cika kamawa ba, kuma sau da yawa sai an buɗe ciki a ɗakin tiyata ake ganinta.