Me ya sa dokar Turai ta hana a gwada sinadari a fatar mutum, kuma ta yaya suke gane mai jawo ƙaiƙayi?

Akwai wani birkila da ya yi mana aiki a gida, in ka ga hannunsa sai ka tausaya, tafin duk ya tsattsage, tsakankanin yatsu ya yi jajir yana fitar da ruwa, ya ce da dare ƙaiƙayi ba ya barinsa barci. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne ya yi shekaru yana dama siminti da hannu ba abin da ya same shi, sai daga baya abin ya taso, yanzu ko ƙura ce ta taɓa shi sai ya dawo sabo. To wannan shi ne abin da likitocin fata ke kira alaji, kuma a Tarayyar Turai akwai dokar da ta tsara yadda za a gano sinadarin da ke jawo shi tun kafin ya shiga kasuwa.

Abu biyu ne mutane ke haɗawa. Akwai sinadarin da ke cin fata kai tsaye, irin su asid ko soda, wannan kowa ya taɓa zai ji a jikinsa, in ya daina taɓawa ya warke shi ke nan. Alaji daban ne. Sinadarin zai ratsa fata ya manne da furotin ɗin jiki, garkuwar jiki ta ɗauke shi a matsayin abokin gaba ta haddace shi, a lokacin ba ka ganin komai. Sai ranar da kuka sake haɗuwa, bayan kwana ɗaya zuwa uku ƙuraje su feso. Kuma in jiki ya riga ya haddace, galibi har ƙarshen rayuwa ne, ba maganin da ke goge shi, sai dai kauce wa abin.

Dokar sunanta REACH, ta fara aiki 1 ga Yuni 2007, hukumar da ke kula da ita kuma ECHA ce da ke Helsinki a ƙasar Finlan. Duk kamfanin da zai sarrafa ko ya shigo da wani sinadari da ya kai tan 1 a shekara sai ya yi masa rajista, ya kawo bayanan illarsa, in ba bayani ba kasuwa. Cikin tambayoyin da dole ya amsa akwai wannan: shin abin nan yana sa alaji a fata, in yana sawa ƙarfinsa ya kai ina?

Wani zai ce ai abu ne mai sauƙi, a tara mutane a biya su a shafa musu a gani. Nan ne fa aka ja layi. Dokar da ke tafiya tare da ita, ta rarraba sinadarai da liƙa musu gargaɗi wadda aka yi a 2008, ta faɗa ƙarara a sashe na 7 cewa ba za a yi gwaji a kan mutane don cika sharuɗɗanta ba. Dalilin a bayyane yake, in gwajin ya yi "nasara" ma'anarsa ka ɗora wa lafiyayyen mutum lalurar da za ta zauna masa har ƙarshen rayuwa. Ni dai a nan ban ga abin musu ba, nawa za ka biya mutum kan haka?

Da can dabbobi ake amfani da su. Aka fara da ɓeran Masar, a yi masa allurar sinadarin ko a liƙa masa, a jira, a sake shafawa a ga ko fatar ta yi ja. Daga baya aka koma kan ɓera, ana shafa masa a bayan kunne kwana uku a jere, a rana ta shida a duba kaluluwar da ke kusa da kunnen, in ƙwayoyin garkuwa sun hayayyafa ninki uku na wanda ba a shafa wa ba to sinadarin ya faɗi jarrabawa. A 2016 aka gyara dokar REACH, aka ce kamfani ya fara da gwajin cikin kwalba, dabba sai in waɗancan ba su dace da sinadarin ba ko ba su ba da amsa gamsasshiya ba. Gwajin kwalbar ma bin sawun abin da ke faruwa a jiki yake yi, ɗaya ana haɗa sinadarin da guntun furotin na tsawon awa 24 a ga ko ya manne, na biyu ana zuba shi kan ƙwayoyin fatar ɗan Adam da aka raina a ɗakin gwaji, na uku kan ƙwayoyi masu kama da na garkuwa. Ƙungiyar OECD, ta haɗin gwiwar ƙasashe kan tattalin arziki, a 2021 ta fitar da ƙa'idar haɗa sakamakon, ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce in biyu cikin uku suka yi daidai to shi ne hukunci.

In aka tabbatar, sai jarka ko durom ɗin ya ɗauki alamar motsin rai cikin jan murabba'i mai tsaye kan kusurwa, da lamba H317 mai nufin yana iya jawo alaji a fata. Masu ƙarfi suna rukunin 1A, ko kashi 0.1 cikin 100 suka kai a cikin fenti ko gam sai an sa wa kayan duka gargaɗin, sauran kuma sai sun kai kashi 1. Masu aikin fenti da gam ku riƙa duba jikin gwangwani, kayan da suka fito daga can da yawa suna ɗauke da ita.

Amma fa kar a ce ba a amfani da bayanan mutane kwata-kwata. Dokar ta yarda da abin da aka samo daga asibiti. Wanda ya riga ya kamu, likita zai liƙa masa filasta a gadon baya mai ƙananan gurabu, kowane gurbi da ɗan ɗigon sinadari daban, ya kwana biyu da ita ba wanka a wajen, a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu, gurbin da ya kumbura ya yi ja shi ne mai laifin. Wannan neman sanin ciwo ne, ba sa ciwo ba. Sai dai abin da ke damuna a nan, duk hujjar da ta fito ta wannan hanya wani ne ya riga ya biya kuɗinta da fatarsa.

Simintin birkilanmu ma ta haka aka kama shi. Likitoci suka yi ta ganin magina da ruɓaɓɓen hannu, filasta ta nuna wani nau'in ƙarfen kuromiyam ne mai lamba shida da ke narkewa in an jiƙa siminti. Denmak ta fara zuba sinadarin ƙarfe a cikin siminti tun 1981 don ya kashe masa kaifi, masu kamuwa suka ragu sosai, daga 2005 kuma Turai gaba ɗaya ta ce kar ya wuce miligiram 2 a kowane kilo. Nikel ɗin da ke cikin ɗan kunne da agogo da maɓallin wando shi ma an ƙayyade masa tun 1994.

Wanda ya taɓa mu kai tsaye shi ne na fatar dabba da aka jeme. Daga 1 ga Mayu 2015 duk kayan fata da za su taɓa jikin mutum, takalmi ne, jaka ce, safar hannu ce, in kuromiyam mai lamba shida ya kai miligiram 3 a kilo ba za a sayar da su a can ba. Majemun zamani da kuromiyam mai lamba uku suke jima, amma zafi da rashin kula wajen aiki kan juya wani ɓangarensa ya koma shida. Kenan fatar akuyar da aka jeme a Challawa ko Sharaɗa a Kano, in takalmi za ta zama a Italiya, wannan ma'aunin ne ke jiran ta.