Me ake nufi da "rejim"?

"Likita ya sa ni rejim." Duk wanda ya taɓa zama a layin awon suga ko na hawan jini a Maraɗi ya ji wannan magana, galibi cikin sanyin murya, kamar wanda aka yanke wa hukunci. Daga Faransanci muka aro kalmar, kuma ma'anarta tsarin cin abinci: me za a ci, nawa, da wane lokaci, gwargwadon ciwon da ke jikin mutum. Amma a bakin jama'a ta koma "an hana ni ci", kuma wannan fahimta tana kwantar da mutane.

Na ga haka da idona a makonnin farko na sitaj, wato zaman koyon aiki da ɗalibin ilimin abinci ke yi a asibiti ƙarƙashin ƙwararre. Aka haɗa ni da wata dattijuwa mai ciwon suga. Na zayyano mata abin da ke cikin littafina: ban da suga, ban da lemun kwalba, a rage tuwo, a rage fura. Ta ce to. Bayan mako biyu sai ga ɗanta ya riƙo ta, gumi sharkaf, hannu na karkarwa. Ashe ta bar tuwo da fura ɗungurungum, ga ta kuma tana shan irin ƙwayar nan da ke saukar da suga ko an ci ko ba a ci ba. Awo ya nuna sugan jininta ya faɗi ƙasa da giram 0,70 a lita, wato ya yi ƙasa sosai. Da ta farfaɗo ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, in na bar hatsi, me ya rage a gidan?"

Ban tambaye ta abin da ke tukunyarta ba, nan ne na yi kuskure. Rejim na gaskiya da tambaya yake farawa: "Inna, daga jiya da safe zuwa yanzu, me da me kika ci?" Sai a saurara har ta kai ga shayin la'asar da cincin ɗin gidan suna. Daga nan a auna da ma'aunin da ta sani. Malmala ɗaya maimakon biyu, miya ta fi yawa. Fura ludayi kaza, da nono, ba suga. Kwaɗon zogalen Jiratawa da ƙuli-ƙuli, da wake, su cike gurbin. Kuma ba a tsallake lokacin cin abinci.

Mai hawan jini shi ma da nasa tarkon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya. Sai a cire gishiri a miya, a ƙara dunƙulen magi uku don ta yi ɗanɗano, alhali dunƙulen cike yake da gishiri, kanwa ma ƴar gidansu ce. Tafarnuwa, citta da albasa sun fi masa.

Shi ya sa ba a aron rejim wurin maƙwabci. Na mai ciwon ƙoda daban, na yaro mai tamowa kuwa ƙari ne, ba ragi ba. Da yake tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidajenmu, yanzu kafin in fara bayani sai na ce, "Baba, wa ke girki a gida? A kira min ita mu zauna tare."