Mene ne ɓataccen IRQ, kuma yaushe yake zama matsala?

IRQ sigina ce da wani sashe na kwamfuta, kamar kibod ko kwantirolan faifan ajiya, yake tura wa furosesa ta wani layi mai lamba don ya ajiye aikin hannunsa ya saurare shi. Ɓatacce shi ne wanda furosesa ya amsa amma bai tarar da mai kira ba, kamar baƙon da ya yi sallama ya juya kafin a fito.

Masu gyara a Garwa da Marwa da Injamena da ke ɗora Linux a kan tsofaffin kwamfutocin gwanjo sun saba ganin saƙon "spurious 8259A interrupt: IRQ7". Asalinsa guntun Intel 8259A ne, mai miƙa wa furosesa siginonin IRQ, wanda ake haɗa biyu tun daga IBM PC/AT na 1984. Idan layi ya tashi ya koma kafin furosesa ya amsa, guntun ba shi da lambar bayarwa, sai ya miƙa 7, ta ƙarshe a jerinsa. Shi ya sa ake zargin firinta, mai wannan layin, alhali ko jona ta ba a yi ba. Guntu na biyu kuwa 15 yake bayarwa. In jefi-jefi ne, a ƙyale shi.

Abin damuwa yana ga kwamfuta mai furosesa fiye da ɗaya. A nan I/O APIC ne, magajin 8259A mai layi 24 galibi, ke rarraba sigina bisa jadawalin da BIOS, manhajar madabod mai tayar da kwamfuta, ya bayar. Idan jadawalin da kuskure, ko kati biyu na PCI suna layi ɗaya kuma ɗayan ba shi da direba (manhajar da ke sarrafa shi), layin zai tashi ya ƙi sauka. Linux yana ƙirgawa: in 99,900 cikin 100,000 suka wuce ba mai ɗauka, sai ya rubuta "nobody cared" ya rufe layin, ya koma leƙa shi sau goma a daƙiƙa. In kwantirolan faifai na kan layin, kwafar fayil ƙarami ma sai ta gagara.

Nan ne ake gaggawar kashe sefa a kan sabon faifai, alhali tsohon lafiyarsa ƙalau. A fara da dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux, a ɗauki lambar layin, a buɗe /proc/interrupts a ga su wa ke kansa. A cire katunan da aka ƙara, a hure ƙurar hunturu daga ramukansu, a mai da su ɗaya bayan ɗaya, ko a sauya wa mai laifin rami. In bai daina ba, a kunna Linux da zaɓin tayarwa na noapic, sannan pci=nomsi, sannan irqpoll, kowanne shi kaɗai, don a san wanda ya yi magani. A auna batirin madabod, CR2032, ma: in ya yi ƙasa sosai da volt 3, BIOS kan manta saitinsa, kwantirolan faifai na SATA ya iya komawa tsohon tsarin IDE daga sabon tsarin AHCI.

Sabunta BIOS yakan gyara jadawalin, amma sai a kan inbata mai cikakken caji, don in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, madabod zai iya ƙin sake tashi.