Waiwaye: yadda makullin motar gwamnati ya bar hannun direba

Da wuya mako ya wuce a 'yan shekarun nan ba a ga hoton wata mota mai lambar CA, wato lambar motocin hukuma a Kamaru, yana yawo a Facebook ko a zaurukan WhatsApp na mutanen Garwa da Marwa ba. Wani lokaci a ƙofar gidan biki aka ɗauke ta ranar Asabar, wani lokaci an labta mata buhunan albasa ko gawayi, wani lokaci kuma ta kife a gefen kwalta ana ta gardama a kan wanda yake riƙe da sitiyari. Daga nan sai muhawara ta ɓarke. Masu fushi suna cewa a hana kowane ma'aikaci taɓa motar gwamnati bayan an tashi daga aiki, kuma jandarmomi su kama duk wadda aka gani ba tare da takardar izinin tafiya ba. Ma'aikatan kuma, idan suka samu bakin magana, sukan ce ofishinsu ba shi da direba, man da ake ba su ba ya kai wata, tayar ƙarshe ma da kuɗin aljihunsu suka saya. Kowane ɓangare yana magana kamar matsalar ta zo ne tare da wayar da ke ɗaukar hoto, alhali ta girmi wayar da shekaru masu yawa.

Farkon labarin sananne ne, ba ya bukatar dogon bayani. Jamusawa sun kama Garwa a 1901, Faransawa suka gaje su bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma har aka samu 'yancin kai a ranar 1 ga Janairun 1960 motar hukuma aba ce da ake ƙirgawa da yatsu a arewa, yawanci ta kumandan, wato jami'in mulkin mallaka mai riƙe da yanki, ko ta likita. Bayan 'yanci ofisoshi suka yawaita, jirgin ƙasa ya iso Gaundare a 1974, aka fara haƙo man fetur a kudu a 1977, Land Rover da Peugeot 404 da 504 suka cika harabar ma'aikatu. A 1983 aka raba tsohon lardin Arewa gida uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, kowanne da gwamnansa da wakilan ma'aikatunsa, kowane wakili kuma da bukatar abin hawa.

Abin da ya kamata a riƙe daga wancan zamani shi ne tsarin da aka gina a kan motar. An bambanta motar muƙami, wadda ake haɗa ta da kujerar babban jami'i, da motar hidima, wadda ta ofis ce gaba ɗaya, kowa ya nema idan aiki ya taso. Motar hidima ba ta barin yankinta sai da takardar izinin tafiya, wadda ma'aikata ke kira odir-da-misiyon, mai ɗauke da sunan wanda aka aika da inda za shi da ranar dawowa. Man mota kuma da takarda ake karɓarsa. Sannan akwai littafin mota, inda ake rubuta kilomitar fita da ta dawowa da duk gyaran da aka yi. Waɗannan takardu uku duka a hannun mutum ɗaya suke haɗuwa, shi ne direban gwamnati, kuma ba a rubuta ƙa'idojin da tunanin wani zai zauna a kujerarsa ba.

Kawuna ya yi wannan aiki fiye da shekara ashirin a wani ofishi a Garwa. Har yanzu yana ajiye da ɗaya daga cikin tsofaffin littattafansa a cikin akwatin ƙarfe, tare da takardun fansho, bangonsa ya yi baƙi da gumi da bakin mai. Ranar da ya nuna mini shi, ya buɗe wani shafi ya ɗora yatsa a kan layin da aka rubuta tafiyar garin Gidar, ya ce da ni: "Ka ga nan, ɗana? Shugabana da kansa ya so mu zarce Marwa don wata gaisuwar mutuwa. Na ce masa, ranka ya daɗe, takardar Gidar ta ce, idan muka wuce me zan rubuta? Ya yi dariya, muka juyo, washegari ya hau motar haya." Na tambaye shi: "Kawu, ba ku ji tsoron ya kore ku ba?" Ya ce ba shi ya ɗauke shi aiki ba, kuma idan mota ta lalace a hanyar da ba ta cikin takarda, direba za a fara tambaya. Ba na cewa kowane direba haka yake, domin a cikinsu akwai masu zuƙe mai da tiyo su sayar, akwai masu ɗaukar fasinja a hanya. Amma ko lalataccen direba mutum na biyu ne a cikin motar, kuma abin da mutum biyu suka sani ya riga ya fara zama shaida.

Wannan mutum na biyu shi ne ya ɓace, kuma lokacin ɓacewarsa ne masu muhawarar yau suke tsallakewa. Daga 1986 farashin man fetur da koko da gahawa da auduga ya faɗi a kasuwar duniya, kuɗin shiga na ƙasa ya ragu ƙwarai, aka shiga tsuke bakin aljihu, aka kuma sa hannu a yarjejeniyar gyaran tattalin arziki a 1988. Abin da kowa yake tunawa daga wannan lokaci shi ne yankan albashi har sau biyu a 1993, a Janairu da Nuwamba, wanda ya sa ma'aikata da yawa suka rasa fiye da rabin abin da suke karɓa, sai kuma karyewar darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne dakatar da ɗaukar sababbin ma'aikata da rage waɗanda ake da su, da kuma irin mutanen da abin ya fi shafa. Direba da masinja da maigadi ba sa cikin jerin cikakkun ma'aikatan gwamnati. Suna cikin ƙananan rukunonin da dokar ƙwadago ke kula da su, waɗanda ake ɗauka da 'yar takardar ɗaukar aiki kawai, saboda haka su ne mafi sauƙin sallama, kuma gurbinsu ne mafi sauƙin bari babu kowa. Likita idan ya yi ritaya dole wata rana a nemo wani likitan. Direba idan ya yi ritaya, sai a miƙa wa shugaban ofis makulli a ce ya riƙe kafin a aiko da wani, kuma a ofisoshi da dama an shafe shekaru ba a aiko ba.

Daga ranar da makulli ya shiga aljihun jami'i, abubuwa suka riƙa sauyawa a hankali ba tare da an soke ko da layi ɗaya na ƙa'ida ba. Mutum ba ya rubuta wa kansa littafin mota da irin kulawar da wani zai rubuta masa, don haka littafin ya fara samun giɓi, daga baya ya koma cikin durowa. Takardar izinin tafiya ta zama abin da wanda zai yi tafiyar ne yake shiryawa, a ƙananan ofisoshi ma shi ne mafi girman wanda ke wurin. Mota ta daina kwana a harabar ofis, musamman da yake maigadin ma an rage shi, kuma babu mai son ya wayi gari an kwance batir ko tayoyi, sai ta koma kwana a gida. Motar da ta kwana a gida kuwa, idan yaro ya kamu da zazzaɓi da tsakar dare, ita za a tayar, kuma babu mai hankalin da zai ga laifin haka. Sai dai daga asibiti zuwa makarantar yara, daga makaranta zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa gona, taku ɗaya-ɗaya ne. Ta haka iyakar da ke tsakanin motar muƙami da motar hidima ta dushe, har yau mutane da yawa, ciki har da ma'aikata, ba su san an taɓa bambanta su ba.

A 1993 ɗin ne kuma aka koma tsarin aiki a miƙe, daga ƙarfe bakwai da rabi na safe zuwa uku da rabi na yamma. Ma'aikacin da aka yanke wa albashi ya samu kansa da yammaci a buɗe da bukatar neman abin da zai cike giɓi, ko noman masara a bakin Binuwai, ko kiwo, ko ɗan shago, ga kuma makullin mota a aljihunsa. Karyewar sefa ta ninka kuɗin kayan gyara, tunda duk daga waje ake shigo da su, kuɗin gyaran da ake warewa kuma bai ninka ba. Jami'in da ya sayi taya biyu da famfon mai daga aljihunsa ya fara ganin yana da haƙƙi a kan motar, kuma duk da cewa doka ba ta ba shi wannan haƙƙi ba, da wuya a kalli idonsa a gaya masa haka. Wadda aka kasa gyarawa kuma sai a ɗora ta a kan duwatsu a bayan ofis. Duk wanda ya taɓa shiga harabar wata ma'aikata a garuruwanmu ya san irinta, gilashi ya yi ƙura, ciyawa ta fito ta ƙarƙashin injin, ƙadangaru suna shan hantsi a kan bonet, ana jiran ranar da za a cire ta daga lissafi a yi gwanjonta.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi hoton gidan biki muhimmanci, ko da yake ba ya jan hankali kamarsa, wato tuƙin kansa. Ma'aikacin da ke da lasisi ya cika sharaɗin dokar hanya, amma lasisi bai mayar da shi direban dogon zango ba. Daga Gaundare zuwa Garwa kusan kilomita 275 ne, da gangaren Mbe mai lanƙwashe-lanƙwashe a tsakani, daga Garwa zuwa Marwa fiye da 200, hanyar Mora zuwa Kusiri kuwa ta daɗe tana cinye motoci. Wanda ya wuni a taro, ya tashi da la'asar ya kama irin wannan hanya shi kaɗai domin ya kwana a gida, yana yin aiki biyu ne a rana ɗaya. A shekarun 1990 'yan fashin tare hanya, waɗanda ake kira zargina, suka ƙara wa tafiyar haɗari, daga 2013 kuma rikicin Boko Haram ya sa wasu hanyoyin Arewa Mai Nisa ba a bin su sai da rakiyar sojoji. Tsohon direba ya san inda ba a tsayawa da lokacin da ba a wucewa. Sabon malamin ofis da aka turo daga Yawunde ko Duwala sai dai ya koya da kansa.

Idan hatsari ya faru, sai wata tambayar ta taso. Dokar inshora ta CIMA, wato ƙungiyar haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka kan harkar inshora, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995, kuma Kamaru da Chadi duk suna cikinta, ta wajabta wa kowane mai mota yin inshora, amma sashe na 200 ya keɓe gwamnati, wadda ita ke ɗaukar nauyin ɓarnar motocinta. Ma'anar haka ita ce ɗan acaɓar da motar CA ta buge ba lalle ne ya samu kamfanin inshorar da zai tunkara ba, kuma tambayar ko motar tana bakin aiki ne a lokacin ko tana harkar gida takan zama babba, ga wanda aka buge da kuma ma'aikacin da ke tuƙi. Takardar izini da littafin mota su ne ya kamata su amsa wannan tambaya, su ne kuma aka bari suka mutu.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara wa abin zafi ne kawai. Dokar ƙananan hukumomi da yankuna ta 2019 da zaɓen majalisun yankuna na Disambar 2020 sun ƙara yawan kujeru da motoci. A Fabrairun 2023 litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 ta kai 840, gazuwal, wato man dizil, kuma 828. Cire tallafin mai da Najeriya ta yi a Mayun 2023 ya tayar da farashin zuwa-zuwa, man jarka da arewa ta daɗe tana dogaro da shi, wanda ma'aikata da yawa ke cike tanki da shi idan takardar mai ta ƙare. Mutumin da ya ajiye babur ɗinsa saboda tsadar mai, idan ya ga Hilux mai lambar hukuma a ƙofar gidan biki, ba za a ce ya yi haƙuri ba, kuma yana da gaskiya, domin harajinsa ne yake ƙonewa. Sai dai kiran da ake yi na a tsaurara doka yana ɗauka cewa dokar ce ta yi sanyi, alhali yawancin abin da ake nema a rubuta tuntuni yana rubuce. Jandarma a shingen hanya zai iya neman takardar izini, amma ba shi da yadda zai san ko mai riƙe da ita ne ya shirya wa kansa da safiyar nan.

Kwanakin baya wani ƙanen abokina, wanda bai daɗe da kama aiki ba, ya zo gaishe da Kawu a hanyarsa ta zuwa Kaele, da motar ofis, shi kaɗai. Kawu ya zagaya motar, ya taɓa tayoyi, ya sa aka buɗe bonet ya duba ruwa, sannan ya tambaye shi ina littafinta. Yaron ya laluba aljihun gaba, ya fito da wani littafi sabo fil, da hatimin ofis a bangonsa. Layi uku ne kawai aka cike a shafin farko, na ƙarshensu kuma watanni goma sha ɗaya da suka wuce. Kawu ya aika aka ɗauko masa tabarau da biro, ya leƙa ya karanta kilomita, ya rubuta ranar da sunan garin, ya miƙa masa ya ce idan ya isa ya cike ɗaya gurbin.