Waiwaye: Ina Waƙar Talaka Ta Shige?

Tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 da zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 ake ta ka-ce-na-ce kan mawaƙan siyasa, a rediyo da Facebook da majalisun ƙauye, daga Ɗambatta har Gumel. Wasu na cewa sun sayar da bakinsu, talaka na kwana da yunwa su kuwa suna wasa 'yan takara. Wasu na cewa tsoro ne ya ɗaure musu harshe. Kowane ɓangare yana magana kamar jiya-jiya abin ya lalace, alhali ya daɗe yana tafe.

Farkon labarin sananne ne. Malaman jihadin 1804 sun yi wa'azi da waƙa, kuma Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, tana yi wa mai mulkin da ya zalunci talaka gargaɗi da wutar gobe. A zamanin Turawa Sa'adu Zungur ya rubuta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, Mudi Sipikin ya mayar masa da Arewa Jumhuriya Kawai. Da aka kafa jam'iyyar NEPU mai fafutukar talakawa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, irin su Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu suka ba ta murya. Wannan duk ɗalibin Hausa ya haddace.

Abin da ba a cika tambaya ba shi ne dalilin da ya sa waɗannan waƙoƙi suka kama zuciyar manomin da bai taɓa ganin jarida ba. Gaskiya ne an ɗora su a kan kari irin na waƙoƙin wa'azi da bege, wanda kunnensa ya saba da shi, ga amshi mai sauƙin kamawa. Amma babban dalilin haraji ne. Da kaka ta yi, kowane baligi sai ya biya, da tsabar kuɗi, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Mai gida zai kai gyaɗarsa kan sikeli tun farashi na ƙasa, in ba ta kai ba ya ɗora da akuyar uwargida. Takardar shaidar biya kuwa a ninke take cikin hula ko aljihun 'yar shara, don ana iya tambayar ta a bakin kasuwa, wanda ba shi da ita ya san sauran. Samari da yawa da suka tafi cin rani neman kuɗin nan ne ya fitar da su. Bafulatani kuma yana can yana fama da jangali, kan kowace saniya. Saboda haka in mawaƙi ya ambaci zalunci ba ya bukatar dogon sharhi. Mai sauraro ya san ranar, ya san adadin, ya san abin da ya fita daga rumbunsa.

Sai ga Oktoban 1979. Jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta karɓi mulkin jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa (sai 1991 aka raba su), kuma ba a jima ba gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali. Nasara ce da aka yi kusan shekara talatin ana rera ta, kuma babu mai hankalin da zai yi fatan a koma baya. Amma a ganina a nan ne waƙar talaka ta rasa abin nunawa da yatsa. Wahalar da ta biyo baya ba ta zuwa ƙofar gida da littafin rasit. Tana zuwa ne ta faɗuwar darajar naira bayan tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986, ta farashin taki, ta rijiyar burtsatse da ta lalace aka rasa mai gyara. Yaya za a yi wa canjin dala zambo? Ita kanta PRP ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, mawaƙanta suka juya baki kan juna.

Daga ƙarshen 1983 zuwa 1999 soja ne ke mulki, in ban da ɗan taƙaitaccen lokaci a 1993, kuma a mafi yawan shekarun ko dai babu jam'iyyu, ko kuwa na je-ka-na-yi-ka ne. Mawaƙin NEPU ɗan jam'iyya ne mai kati, a taron lacca yake rera waƙarsa, in an ɗaure shi 'yan uwa su kula da iyalinsa. Da wannan rumfa ta rushe, mai son faɗin gaskiya ya koma habaici, ya ambaci Fir'auna ko kura ya bar mai hankali ya gane.

Da siyasa ta dawo a 1999 ta tarar da situdiyo da fiyano. Waƙa ta daina zama takardar ajami da ake saye da ɗan canji a kasuwa a haddace, ta zama sana'a mai neman jari. Kuɗin situdiyo da na 'yan amshi da na sa ta a rediyo sun fi ƙarfin manomin gero a Maigatari, ɗan takara kuwa yana da su a aljihu.